Baƙin mai mai kauri ba ya maganin ƙarar bawul

A garejin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da zarar kan inji ya fara tak-tak-tak, wato ƙarar bawul (ƙananan ƙofofin da ke shigar da iska da fitar da hayaƙi a kan inji), sai ka ji an ce a zuba baƙin mai mai kauri. Rufa-rufa ce kawai. Kaurin danne sautin yake yi, kuma da sanyin safiya ya fi jinkirin hawa kan inji.

Fara da jawo sandar awon mai. In ya ragu ko ya yi datti, a juye, a canza filta, a sa irin wanda kamfanin motar ya ce. In ƙarar ta ƙi tafiya bayan inji ya ɗumama, sau da yawa tazarar bawul ce ta buɗe, sai bakanike ya auna ya saita. Bawul mai daidaita kansa da mai kuwa ba a saita shi, canza abin da ya cinye ake yi.