Waiwaye: Asalin taƙaddamar miƙa ruwan famfon Legas ga kamfanoni

Da sassafe a Agege ko Idi-Araba, ƙarar kurar 'yan ga-ruwa ce ke fara tayar da layi. Kura ɗaya na ɗaukar jarka goma ko sha biyu, kowace mai lita 25. A burtsatsen wani mai gida ake cikowa, a biya shi, sannan a bi gida-gida ana sayarwa. Yarbawa ma "mai ruwa" suke kiransu. Idan aka haɗa da tankoki da ledar fiya wata, za a ga ruwan da yawancin mutanen Legas ke sha ya daɗe a hannun 'yan kasuwa. Abin da ake ta gardama a kai fiye da shekara 20 shi ne ɗan abin da ya rage a hannun gwamnati, wato matatun ruwa da bututunsu.

Rigimar kuɗin ruwa a Ikko ta girmi famfon kansa. A 1908 Turawan mulkin mallaka suka ce za a ɗora wa mazauna gari harajin ruwa domin gina matatar Iju. Mutanen gari suka yi tsaye, suna cewa Turawa ne za su fi morar ruwan, har Dakta John Randle da abokansa suka kafa ƙungiyar People's Union a kan haka. Duk da haka an gina, Gwamna Lugga ya buɗe ta a 1915 da ƙarfin galan miliyan biyu da ɗoriya a rana. Daga baya aka faɗaɗa Iju zuwa miliyan 45, aka ƙara Isashi mai miliyan 4, sai Adiyan mai miliyan 70 a farkon shekarun 1990. Da ƙananan tashoshin unguwanni, jimilla a takarda galan miliyan 210 ne, alhali hukumar ruwa da kanta ta taɓa ƙiyasta buƙata a kan miliyan 540 a rana. A takarda kenan. Wuta ta ɗauke ko famfon turi ya lalace, sai abin da ke fita ya faɗi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Maganar kamfanoni ta taso gadan-gadan ne a 1999, lokacin da Bola Tinubu ke gwamnan Legas, da aka gayyato IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, ya ba da shawara. Dokar ruwa ta 2004 ta buɗe wa masu zuba jari ƙofa, ta kuma tanadi hukumar sa ido kan farashi da inganci. Tsarin ruwa na 2010 zuwa 2020 ya yi alkawarin galan miliyan 745 a rana, mafi yawa da kuɗin haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni. Wa'adin ya cika, ko matatar Adiyan ta biyu ba a gama ba. Tun 2014 ƙungiyar kare muhalli ta ERA da ƙungiyar ma'aikata ta AUPCTRE suka fara gangamin adawa, dokar muhalli ta 2017 kuma ta ƙara rura wutar, domin an fahimce ta a matsayin takura wa masu haƙa burtsatse da masu sayar da ruwa a garin da famfo bai kai ba.

Masu gardamar kan manta cewa kwangilar iri-iri ce. Akwai ta gudanarwa kawai, inda ake biyan kamfani lada ya tafiyar da aiki na 'yan shekaru. Gana ta gwada wannan daga 2006 zuwa 2011, ba ta sabunta ba. Akwai haya: gwamnati ta riƙe kadara da nauyin shimfiɗa bututu, kamfani ya tace ruwa, ya raba, ya karɓi kuɗi. Shi Senegal ta bi daga 1996, kuma ya ɗore, saboda an raba aiki a fili kuma an tallafa wa talakawa wajen jawo famfo gida. A Darussalam ta Tanzaniya kuwa hayar da aka ba City Water a 2003 ba ta wuce 2005 ba. Sai mafi nauyi, a damƙa wa kamfani komai na shekara 25 ko 30, ya zuba jarinsa ya fanshe daga kuɗin ruwa.

Wannan na ƙarshen ne ya fi haɗari a Legas. Kamfani zai ciyo bashi da dala, ya karɓi kuɗin ruwa da naira. Naira na faɗuwa, sai ko dai ya nemi ƙarin farashi ko ya dakatar da shimfiɗa bututu. Kuma hankalinsa zai fi karkata ga Ikoyi da Lekki, inda ruwan ƙasa ke da gishiri da tsatsa kuma mazauna na iya biya, ya bar su Mile 12 da Alaba Rago a layin baya, sai fa in an rubuta unguwannin da sunansu a kwangila, da adadin gidajen da za a jona a kowace shekara, da tarar saɓawa.

Kafin a kai nan ma, babu mai sayen kaya a cikin buhu. Gidaje da yawa ba su da mita, ƙiyasi ake yi musu. Tsofaffin bututu na yoyo a ƙarƙashin kwalta, ga jonin sata. A lunguna za ka ga siraran bututun roba jere cikin kwata, an ɗaure wajen fashewa da robar tayar keke. Muddin akwai matsin ruwa a ciki, waje yake tsartuwa. Da zarar an kashe injin turi, bututun ya zuƙo ruwan kwatar, shi ne kuma zai fara zubowa a bokitin mai gida idan ruwa ya dawo.