Matatar sigina mai amfilifaya

Matatar sigina da'ira ce ta lantarki da ke barin wasu sigina su wuce, ta danne wasu, gwargwadon mitarsu, wato yawan kaɗawarsu a daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da hertz. Wadda ake kira mai amfilifaya ita ce wadda ake haɗawa da rizista (mai rage gudun wuta) da kafasita (mai ajiye cajin wuta) da op-amp, wato ƙaramar amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi. Sai da wuta take aiki, saɓanin tsohuwar matata ta rizista da kafasita da kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya.

Kwayil ɗin nan shi ne abin da ake gudu. A ƙananan mita, kamar na sauti, yana da girma da nauyi da tsada, ga kwasar ƙarar maganaɗisu daga kewaye. Da op-amp ana samun aikinsa ba tare da shi ba, har a ƙara wa sigina ƙarfi. Haka kuma ana iya jera matatu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta gaba ta dagula aikin ta baya ba.

Akwai mai barin ƙananan mita su wuce, da mai barin manya, da mai barin wani zango kaɗai, da mai toshe mita guda. Da ta ƙarshen ake cire gurnanin wutar lantarki na hertz 50 ko 60 daga na'urar auna bugun zuciya.

Zane yana farawa da mitar yanka, inda ƙarfin sigina ke raguwa zuwa rabi, wato raguwar desibel 3 (desibel ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina ne). A matata mafi sauƙi lissafinta shi ne 1/(2πRC), inda R ke nufin ƙimar rizista, C kuma ƙimar kafasita. Rizista mai ohm 10,000 da kafasita mai nanofarad 10 suna ba da kusan hertz 1,590. Bayan wannan iyaka sigina ba ya ɗaukewa farat ɗaya. A matata mai mataki na ɗaya, wato mafi sauƙi, yana faɗuwa da desibel 20 duk lokacin da mita ta ninka sau goma, a mataki na biyu kuma da desibel 40. Da'irar mataki na biyu da aka fi sani ita ce ta Sallen da Key, injiniyoyin ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT a Amurka, waɗanda suka bayyana ta a 1955.

Zaɓen siffar amsa, wato yadda matata ke bi da mitoci daban-daban, shi ne inda aikin ya fi buƙatar natsuwa. Ta Butterworth, wadda injiniyan Birtaniya Stephen Butterworth ya fitar a 1930, tana barin siginar da ake so ta wuce sumul. Ta Chebyshev ta fi ta kaifin yanka, amma tana kawo hawa da sauka a zangon da ake so. Ta Bessel ba ta da kaifi sosai, sai dai tana jinkirta mitoci kusan daidai wa daida, don haka siffar sigina ba ta karkacewa. Wanda ke tace sigina mai tashi da sauka kwatsam bai kamata ya ruɗu da kaifin Chebyshev ba.

Lissafi kan takarda ba ya isa. Kafasita mai kuskuren kashi 10 cikin ɗari tana iya gusar da mitar yanka, abin kuma ya fi muni a matata mai kaifi, shi ya sa ake zaɓar kayan da aka auna da kyau. Op-amp ma tana da iyaka. Shahararriyar 741 ta kamfanin Fairchild, wadda ta fito a 1968, ƙarfinta yana ƙarewa wajen megahertz 1, wato hertz miliyan ɗaya, kuma siginar da ta wuce ƙarfin wutar da ake ba ta takan fito a guntule. A manyan mitocin rediyo, da wuraren da wuta ke da ƙarfi, har yanzu kwayil da kafasita ake amfani da su.