Ƙaho a Zangon Kumasi: Me Yake Magancewa, Wa Kuma Ya Kamata Ya Guje Shi?

Yaya ake yin ƙaho?

Wanzami yakan kafa ƙahon saniya a gadon baya ko a ƙeya, ya zuƙe iskar da ke ciki ta 'yar hudar tsininsa, ya toshe ta har fata ta taso. Daga nan sai ya cire, ya yi 'yan tsaga da aska, ya sake kafawa domin jini ya taru. Masu hijama, wato ƙaho, na zamani kofin roba da famfon hannu suke amfani da su, amma aikin ɗaya ne. Akwai kuma wanda ba a yin tsaga, irin wanda aka ga shatinsa a kafaɗar ɗan ninƙayar Amurka Michael Phelps a wasannin Olamfik na 2016.

Wane amfani aka tabbatar yana da shi?

Inda hujjar likitoci ta fi ƙarfi shi ne ciwon baya da na wuya, domin gwaje-gwaje sun nuna yana rage su na ɗan lokaci, ko da yake yawancin gwaje-gwajen kan mutane kaɗan aka yi su. Saboda haka ɗan dakon da ya wuni da kaya a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, in ya ce jikinsa ya sake bayan ƙaho, ba ƙarya yake yi ba. Ta fuskar addini kuwa, ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi (SAW) ƙaho, kuma an biya shi ladansa.

Hawan jini da ciwon suga fa? Babu tabbatacciyar hujjar cewa yana warkar da su, kuma wanda ya ajiye ƙwayoyin asibiti saboda an yi masa ƙaho, da ransa yake wasa.

Baƙin jinin da ke fita ba mataccen jini ba ne?

A'a. Jini ne na ƙananan jijiyoyin fata, wanda ya daskare a cikin ƙahon, shi ya sa yake yin duhu da gudaji. Tace jini aikin hanta da ƙoda ne.

Ina haɗarin yake?

A bakin aska yake. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yawaita a Gana, tana iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba, don haka goge aska da tsumma a mayar da ita zabira ba tsafta ba ce. Babu rashin kunya idan mutum ya ce wa dattijon wanzami, "Baba, ga sabuwar reza na zo da ita." Shi kansa ƙahon ko kofin, tun da jini ya taɓa shi, bai kamata ya koma jikin wani ba.

Wa ya kamata ya guje shi?

Mai sikila, da mai ƙarancin jini, da mace mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini kamar wafarin, da mai ciwon sugan da miki ke daɗewa a jikinsa. Duk wanda zai je, yana da ikon tambayar mai hijamar ko yana da rajista da hukumar kula da masu maganin gargajiya ta Gana, wadda doka ta 575 ta shekarar 2000 ta kafa.