Korewa Biyu a Nahawun Turanci

Korewa biyu ita ce haɗuwar kalmomin korewa guda biyu a jimla ɗaya, kamar mutum ya ce “I didn't see nothing” yana nufin bai ga komai ba. Daidaitaccen Turanci, wanda ake koyarwa a makaranta ake kuma rubuta jarida da shi, bai yarda da wannan gini ba, sai dai a ce “I didn't see anything”. Ɗalibin da ya rubuta ta farkon a jarrabawar WAEC zai sha jan biro.

Sai dai haramcin bai daɗe ba. A Turancin da, tara korewa hanya ce ta ƙarfafa magana. Geoffrey Chaucer, mawaƙin da ya rasu a 1400, ya jera korewa huɗu a jimla guda inda yake yabon wani barde da cewa bai taɓa gaya wa kowa baƙar magana ba. Shakespeare ma ya yi irinta. Sannu a hankali masu ilimi a Ingila suka bar ta a rubutunsu, sannan malaman nahawu na ƙarni na 18 suka mayar da barin doka. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan. A littafinsa na nahawu ya ce korewa biyu suna kashe juna, jimlar ta koma tabbatau.

Wannan hujja ta lissafi ce, harshe kuwa ba haka yake tafiya ba. Sifananci da Rashanci suna tara korewa, ma'anar ba ta juyewa. Bahaushe ma “ba” biyu yake sawa cikin “ba ta zo ba”, kuma ba wanda zai ji ya ce ai ta zo.

Har yau ginin yana raye a bakin talakawan Landan, mutanen jihohin kudancin ƙasar Amurka da baƙaƙen fatar Amurka. Masanin harshe William Labov ya nuna a 1972 cewa yana da ƙa'idojinsa tsararru. Saboda haka rashin adalci ne a ɗauki mai furta shi jahili. Karin harshen gidansu yake yi.

Akwai nau'i ɗaya da daidaitaccen Turanci ya karɓa, kamar “not uncommon”, inda korewar biyu ke ba da tabbatau mai sassauci, wato abin yakan faru.