Bayomofik

Bayomofik kalma ce da masu zane da magina da masu ƙera kayan ɗaki suke faɗa wa siffar da ta ɗauko kamannin abu mai rai, lanƙwasa irin ta ƙwai ko wake ko ƙashi ko ƙoda, amma fa ba hoton abin ba ne sak. Kana gani za ka ji kamar wata halitta ce, in an ce faɗi sunanta kuma sai ka rasa. Daga Girkanci aka haɗo ta, bios rai, morphe siffa. Kishiyarta ita ce siffar jometiri, wato miƙaƙƙen layi da kusurwa da murabba'i.

Alfred Cort Haddon ɗan Ingila ya taɓo kalmar tun 1895 yana bayanin adon kayan gargajiya, sai Geoffrey Grigson ya shigo da ita harkar zanen zamani a 1935, amma wanda ya sa ta bazu shi ne Alfred Barr na gidan tarihin MoMA da ke New York a baje kolinsa na 1936, inda ya raba zanen da ba ya kwaikwayon zahiri gida biyu, na jometiri da na lanƙwasa. Jean Arp da Joan Miró da Henry Moore duk a gida na biyun ake sa su.

A kayan ɗaki ta fi fitowa fili. Teburin Isamu Noguchi da kamfanin Herman Miller ya fara fitarwa a 1947, gilas ne mai gefe uku marasa tsini a kan katako biyu masu kama da ƙashi, har yau ana ta kwafarsa. Akwai kuma kujerar ƙwai ta Arne Jacobsen ta 1958, da ginshiƙan cocin Sagrada Familia a Basalona da Gaudí ya yi musu rassa irin na bishiya.

To amma ba duk mai lanƙwasa ba ne bayomofik. Furen da mai ƙunshi ta zana wa amarya in fure ne sosai to hoton fure ne kawai, ba ya zama bayomofik sai ya narke ya koma siffar da ba ta da suna. Dagin Arewa kuwa da aska takwas ta babbar riga, waɗannan jometiri suka fi kusa da shi.

Ana kuma yawan rikita ta da bayomimikiri, alhali shi aikin halitta yake kwaikwaya ba kamanninta ba, kamar Velcro, wato abin manne bakin takalmi ko jaka mai ƙara in an ɓanɓare, da George de Mestral ɗan Suwizalan ya samo dabararsa daga wata ƙaya irin ƙarangiya da ta maƙale a jikin karensa.