Waiwaye: Shekaru Uku da Suka Ɗaure Manomin Auduga

Duk sanda aka ɗauko zancen abin da ya durƙusar da harkar auduga, a rediyo ne ko a hirar 'yan Kantin Kwari, amsar ba ta sauyawa: rashin wuta ya durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, fasa-ƙwauri ya ƙarasa su. Haka ne. Sai dai wannan bai gaya mana dalilin da ya sa manomin Funtuwa da na kudancin Chadi da na Mali, waɗanda ba gwamnati ɗaya ke mulkinsu ba, suke kuka iri ɗaya a kan farashi.

Dalilin yana cikin dokokin cinikin duniya. A 1947 ƙasashe 23 suka ƙulla yarjejeniyar GATT ta rage harajin kwastam da sauƙaƙa ciniki tsakanin ƙasashe, lokacin galibin Afirka na hannun Turawan mulkin mallaka. Aka buɗe zagayen tattaunawar Uruguay don sabunta ta a 1986, aka sa hannu a Marrakesh a 1994, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995, da Najeriya a cikinta.

Inda gizo ke saƙar kuwa shi ne yarjejeniyar noma da ke cikin abin da aka sa wa hannu a Marrakesh, wadda ba kasafai ake tuna ta ba. An ce kowace ƙasa ta lissafa tallafin farashi da makamantansa da ta bai wa manomanta daga 1986 zuwa 1988, a kan wannan adadi za a yi ragi. Ƙasashe masu arziki su rage kashi 20 cikin 100 a shekara 6, masu tasowa kashi 13 da ɗoriya a shekara 10. A takarda, mu aka yi wa sassauci.

To, a wane hali waɗannan shekaru uku suka sami kowa? Farashin amfanin gona ya faɗi a kasuwar duniya, don haka tallafi a ƙasashe masu arziki ya yi tashin gwauron zabo. Mu kuwa muna tsakiyar tsuke bakin aljihu. A 1986 ɗin ne ma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a Najeriya, har da ta auduga. Yawancin ƙasashen Afirka ba su da abin rubutawa. Wanda ya rubuta biliyoyi ya zubar da ɗaya bisa biyar, sauran suka zama halaliyarsa, kuma yana iya jibga su a kan amfani guda idan ya ga dama, auduga alal misali. Wanda ya rubuta sifili aka yanka masa iyaka: kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na darajar abin da aka noma. An dai bar mana ƙofar tallafin taki da iri ga ƙananan manoma, amma ƙofa ce da sai mai abin hannu yake iya bi. Wannan shi ya fi ci mini rai, domin talaucin ɗan lokaci aka mayar doka.

A 2003, a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun na Meziko, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka haɗa kai suka kai kukan auduga, taron ya watse baram-baram. A Hong Kong, 2005, aka yi alkawarin gaggauta warware batun. A Nairobi, 2015, aka amince a soke tallafin fitar da amfanin gona waje, wanda ci gaba ne na gaske. Tallafin cikin gida da ƙasashe masu arziki ke bai wa manomansu, wanda shi ne ke danne farashin da ɗan kwamasho ke yi wa manomi tayi a Funtuwa, ba a taɓa shi ba, kuma har yau da mudun 1986 zuwa 1988 ake auna shi.