Rangwamen kuɗin ruwa a bashin sayen gida

Bashin sayen gida rance ne mai dogon wa'adi da banki ke bayarwa, gidan da aka saya ya zauna a matsayin jingina har a gama biya. A Amurka, inda wa'adin shekara 30 da kuɗin ruwa tsayayye ya fi yawa, mutum biyu za su nemi rance iri ɗaya a rana ɗaya, a yanka wa kowa farashi dabam. Wanda aka shaida yana biyan bashi a kan kari shi ke samun ragi. Sai dai banki ba ya duban hali ko mutunci. Lambobi yake dubawa, kuma ba kasafai yake miƙa farashinsa mafi sauƙi ga wanda bai yi ciniki ba.

Abin da kasuwa ke yankewa

Babban kaso na kuɗin ruwa ba ya hannun mai karɓar rance. Yana bin hauhawar farashi da ribar takardun bashin gwamnatin Amurka masu wa'adin shekara 10. Alƙaluman Freddie Mac, kamfanin da ke sayen rancen gida daga bankuna, sun nuna matsakaicin ruwa a rancen shekara 30 ya haura kashi 18 cikin ɗari a watan Oktoba na 1981, ya sauko zuwa 2.65 a Janairun 2021, ya sake hawa zuwa 7.79 a Oktoban 2023. Abin da mai nema zai iya taɓawa shi ne ɗan ƙarin da ake ɗorawa a kan wannan tushe. Ƙarin ba abin raini ba ne: a rancen dala 300,000 na shekara 30, ruwan kashi 7 yana nufin kimanin dala 1,996 duk wata, na 6.5 kuwa dala 1,896. A ƙarshen wa'adi tazarar ta kusa dala 36,000.

Makin biyan bashi

Kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, ke ajiye tarihin bashin mutane. Daga nan ake fitar da makin FICO, lambar da ke nuna amincin mutum wajen biyan bashi, wanda ke tsakanin 300 da 850. Biya a kan lokaci shi ne kashi 35 na makin, yawan bashin da ke kan mutum 30, tsawon tarihinsa 15, sabbin basussuka 10, ire-iren bashin da ya taɓa riƙewa 10. Mai ba da rancen gida yakan ɗauko maki uku, ɗaya daga kowane kamfani, ya yi aiki da na tsakiya. Idan miji da mata suka nema tare, yawanci makin wanda ya fi rauni ake yanka farashi da shi, shi ya sa wasu iyalai ke barin mutum ɗaya ya nema, in dai albashinsa kaɗai zai ɗauki nauyin.

Babban kaso na rancen gida bankuna na sayar da shi ga kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac, waɗanda ke da jadawalin ƙarin caji gwargwadon maki da girman rancen a kan darajar gidan. Jadawalin hawa-hawa ne, yawanci tazarar maki 20, kuma tun 2023 matakin ƙoli yana farawa daga 780. Ma'anar haka ita ce mai 759 da mai 760 ba a layi ɗaya suke ba, alhali mai 790 da mai 840 duk ɗaya ne. Wanda ke bakin iyakar mataki, jinkirin wata guda don ya haye shi ya fi masa gaggawa riba.

Hanya mafi saurin ɗaga maki ita ce rage abin da ke kan katin bashi kafin ranar da ake rufe lissafin wata, domin adadin wannan ranar ake kai wa kamfanonin uku. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kashi 30 na iyakar katin, amma masu manyan maki galibi suna ƙasa da kashi 10. Jinkirin biya da ya kai kwana 30 yana shiga rajista ya zauna shekara bakwai, kuma babu dabarar goge shi idan gaskiya ne. Idan kuskure ne, dokar 1970 kan rahoton bashi ta ba mutum damar ƙalubalanta, kamfanin kuma ya bincika cikin kimanin kwana 30. Kuskuren da masu kyakkyawan tarihi suka fi yi shi ne rufe tsohon kati da niyyar tsafta: iyakar bashinsu ta ragu, kason da suke amfani da shi ya tashi, maki ya faɗi.

Kafin alƙalami da nauyin bashi

Wanda ya ajiye ƙasa da kashi 20 na kuɗin gida daga aljihunsa, ana ɗora masa inshorar da ke kare banki, ba shi ba. Doka ta ba shi damar neman a cire ta idan ragowar bashin ya sauko kashi 80 na darajar gidan ta asali, kuma tana faɗuwa da kanta a kashi 78. Ana kuma auna jimillar biyan basussukan wata da kuɗin shiga kafin haraji. Kashi 43 shi ne ma'aunin da aka fi ambata, ko da yake ana amincewa da wasu har zuwa 50. Rancen shekara 15 ruwansa ya fi sauƙi, amma biyan wata ya fi nauyi.

Ciniki

A nan ne amintaccen mai biya ya fi yin asara, don yakan tsaya ga bankin da albashinsa ke shiga. Tun Oktoban 2015 dole mai ba da rance ya miƙa takardar ƙiyasi mai fasali ɗaya cikin kwana uku na aiki bayan an cika neman, don haka ana iya jera ta uku ko huɗu a kwatanta layi da layi. A nemi dukkansu a rana ɗaya, domin farashi na motsi kullum. Binciken maki don neman bashi yana iya ɗan rage makin, amma wanda masu rancen gida suka yi a kusa da juna ana ƙirga shi ɗaya. Tsofaffin tsarin FICO kwana 14 suke bayarwa, sababbi 45, saboda haka a kammala cikin mako biyu. Takardar da ta fi sauƙi sai a kai wa sauran a ce su sauko.

A kula da ragin da aka saya da kuɗi. Banki kan karɓi kashi ɗaya cikin ɗari na rancen tun farko ya rage ruwa da kimanin kwata na kashi ɗaya. A misalin dala 300,000, biyan 3,000 ya sauke ruwa daga 6.5 zuwa 6.25, wato rarar dala 49 a wata. Sai bayan wata 61 kuɗin zai dawo. Wanda zai sayar da gidan ko ya sabunta rancen kafin shekara biyar, hasara ya yi. Tallar ruwa mai arha sau da yawa irin wannan cajin ke ɓoye a ƙarƙashinta.

Bayan an daidaita, ana kulle farashin na kwana 30 zuwa 60. A wannan tsakani ne ake ɓata aiki: a ci bashin mota ko na kujeru, a sauya wurin aiki, ko wasu kuɗi masu yawa su shigo asusu ba takardar asalinsu. Banki yana sake dubawa dab da sa hannu, kuma zai iya ƙara farashi ko ya janye.

A Najeriya

Rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ƙarƙashin Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, ruwansa kashi 6 ne ga kowa, ga masu zuba kashi 2.5 na albashinsu. A nan kyakkyawan tarihi yana taimakawa wajen samun amincewa ne, ba ragi ba. Bankunan kasuwanci kuwa suna duba rahoton kamfanonin ajiye tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral. Masu guje wa riba sukan nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz, inda ake amfani da ijara ko musharaka; su ma suna bincikar tarihin biyan mutum kafin su shiga cinikin gida da shi.